Yadda ake jan mota a tsibirin yashi na K'gari

A gabashin Ostireliya, jihar Queensland, akwai wani tsibiri da babu titin kwalta a cikinsa in ban da 'yan gajerun layuka a unguwannin masauki. Yashi ne daga wannan baki zuwa wancan, tsawonsa kusan kilomita 120, wato ya fi nisan Kaduna zuwa Zariya nesa ba kusa ba, kuma shi ne tsibirin yashi mafi girma a duniya. Da ana ce masa Fraser Island. A watan Yunin 2023 gwamnatin jihar ta mayar masa da sunan da mutanen Butchulla, masu ƙasar na asali, suke kiransa da shi: K'gari. Tun 1992 yana cikin wuraren da UNESCO ta keɓe don a adana su.

Ba a shiga wurin sai da mota mai ja da ƙafa huɗu, mai tsayi daga ƙasa, mai giyar ogzilari. Ni mutumin Kaduna ne, na daɗe ina jan Hilux a hanyoyin ƙauye, damina da rani, kuma hutu ne ya kai ni can wajen ƙanina da ke karatu a Brisbane, babban birnin jihar. Abin da zan gaya wa duk ɗan'uwan da Allah ya nufa da wannan tafiya shi ne, ƙarfin inji da ƙarfin zuciyar direba ba su ke fid da mutum a K'gari ba. Abu biyu ne: iskar taya da lokacin ruwa. Sauran duk cikon magana ne, amma bari mu bi su.

Tun kana gida

Biza dai sai an nema tun da wuri, wannan kowa ya sani. Abin da mutanenmu ke mantawa shi ne lasin tuƙi. Ka tabbatar naka na gaske ne kuma bai ƙare ba, ka ɗauko katin kansa ba hotonsa a waya ba. Da yake da Turanci aka rubuta namu, baƙo yana iya tuƙi da shi a Queensland, amma in ka haɗa da lasin ƙasa da ƙasa ka rage wa kanka dogon bayani a kantar masu ba da haya. Yawancinsu ba sa miƙa mukulli ga wanda bai kai shekara 21 ba, kuma suna riƙe kuɗin ajiya mai kauri a katin banki har sai ka dawo da mota lafiya. Katin naira kan ba da kunya a nan, saboda haka ka tanadi na dala.

Kada ka sa kilishi ko dambun nama a jaka. Ostireliya ba ta wasa da shigo da nama, tsirrai da iri. Duk abincin da ka ɗauko ka rubuta shi a takardar da ake cikewa a jirgi, su duba su yanke hukunci. Naman halal akwai shi a Brisbane. Can za ka saya ka cika kula, domin a tsibirin 'yan kantuna ne ƙalilan, kayansu kuma da tsada.

In kana da hali, kafin ka tashi ka sami wani da ke da Hilux ko Land Cruiser ku je wurin yashi a bakin kogin Kaduna lokacin rani, inda masu tifa ke lodi, ka koyi sa H4 (ja da ƙafa huɗu a giyar da aka saba) da L4 (ja da ƙafa huɗu a ogzilari) har hannunka ya saba. Da yawa cikinmu mun shekara muna jan jif a cikin gari ba mu taɓa taɓa wannan ƙaramar giyar ba.

Sai maganar hannu. A can ta hagu ake bi, sitiyari yana dama. Dattawanmu da suka yi tuƙi kafin 1972, lokacin da Nijeriya ta koma hannun dama, ba za su ga baƙon abu ba. Mu kuwa sai an yi da gaske. A kan kwalta layin fenti yana tuna maka. A bakin teku babu fenti, kuma idan mota ta taho maka gaba da gaba hannunka zai so ya karkata dama da kansa. Ka sa wanda ke zaune kusa da kai ya riƙa cewa "hagu" duk sanda ya hango mota. Ƙanina haka ya yi ta yi mini: "Yaya, hagu. Hagu dai, Yaya."

Hayar mota da ƙetarawa

Garuruwa biyu ake tashi daga cikinsu. Rainbow Beach, tafiyar kusan awa uku daga Brisbane, daga nan ka gangara Inskip Point ka hau jirgin fito, minti goma ya sauke ka a Hook Point, wutsiyar tsibirin ta kudu. Ko kuma Hervey Bay, ka je River Heads ka hau jirgin da ke zuwa Wanggoolba Creek ko Kingfisher Bay a yammacin tsibirin. Wannan rabin awa ne zuwa minti hamsin, kuma sai ka kama wuri tun da wuri. Ga sabon shiga na fi son ta River Heads. A Inskip tun kafin ka kai jirgin za ka ratsa yashi mai laushi, mutane na tsaye suna kallon wanda zai kafe, kuma kana sauka a Hook Point teku ce a gefenka. Ta yamma kuwa cikin daji kake fara shiga a hankali, ka san halin motar kafin ku haɗu da ruwa.

Takardu biyu ake saya ta intanet daga hukumar gandun dajin Queensland: izinin shiga da mota, da izinin kafa tanti in za ka kwana a waje. Masu haya kan taimaka da su. Za su kuma zaunar da kai kallon bidiyon gargaɗi. Kada ka danna waya lokacin. Cikin bayanin ne za ka ji wuraren da inshorarsu ba ta kai ba, galibi can arewa bayan wurin wankan da ake kira Champagne Pools, da kuma bakin tekun yamma, kuma za ka ji cewa in ruwan gishiri ya shiga motar, asarar a wuyanka take. Motar haya ba ta ɗaukar fiye da mutum takwas, ba a kuma ɗaura mata kaya a rufi. An kafa wannan doka ne bayan motoci masu lodi a sama sun yi ta kifewa da baƙi.

Kafin ka bar harabarsu ka gani da idonka: shebur, gejin auna iska, famfo, faranta biyu masu haƙora da ake cusawa ƙarƙashin taya, igiyar ja, safaya, da takardar lokutan cika da janyewar teku. Wanda bai yarda da kansa ba yana iya shiga ayarin da jagora ke gaba motoci na biye da shi. Ba abin kunya ba ne.

Iskar taya

Mu a Kaduna mai faci yana cika taya har ta yi tauri kamar dutse, mu ce ya iya aiki. A yashi wannan tayar ita ce ke haƙa wa mota kabari. Dubi ƙafar raƙumi: faffaɗa ce, tana baje wa in ya taka, shi ya sa ba ya nutsewa inda jaki ke fama. Idan ka rage iska, tayar tana kwantawa, wurin da take taɓa ƙasa ya ƙara tsawo, nauyin motar ya rarrabu, sai ta hau kan yashin maimakon ta tona shi. Motar da ke tafiya da 35 a geji kan kwalta, a yashi akan sauke ta zuwa wajen 18 ko 20. Idan kamfanin haya ya ba ka nasa adadin, bi nasu, su suka san nauyin motarsu da irin tayarsu. Ka rage duka huɗun daidai, da geji, ba da dukan ƙafa ba.

Amma taya mai ƙarancin iska tana da nata sharaɗin. Ba ta son kwana mai kaifi da gudu, domin tana iya saɓulewa daga wili, motar ta kife. Ba ta son birki na farat ɗaya: ƙafafun gaba za su tara yashi a gabansu su nutse. In za ka tsaya, ɗaga ƙafa daga totur kawai, yashin da kansa zai tsayar da kai. In da hali ka tsaya inda hancin motar ke kallon gangare, don tashi ya zo da sauƙi. Kuma ranar da ka dawo kan kwalta, abu na farko shi ne mayar da iska, in ba haka ba tayar za ta yi zafi ta fashe.

A yashi mai tauri H4 ta isa. Wurin laushi mai zurfi, irin mashigar da ke hawa daga bakin teku zuwa cikin daji ko hanyar da ke zagaye bayan dutsen bakin teku na Indian Head, ka tsaya tun kan tauri ka sa L4, ka ɗauki giya ta biyu ko ta uku, ka shiga da ƙarfi madaidaici, ka bi sawun waɗanda suka riga ka. Kada ka canja giya a tsakiya. Kana taka kuloci motar za ta tsaya cak. Sabbin motoci suna da na'urar da ke rage wa inji ƙarfi in ta ji taya na sulɓi. A yashi ita ce ke kashe maka hanzari daidai lokacin da kake bukatarsa, saboda haka ka tambayi masu haya inda maɓallin kashe ta yake.

To in ta kafe fa? Kowa yana kafewa, har 'yan ƙasar. Abin da ke raba mai fita cikin minti biyar da mai kwana yana haƙa shi ne sauke ƙafa daga totur nan take. Ɗabi'armu ta "ba ta wuta" tana binne motar har ciki. Ka gwada komawa baya a hankali kan sawunka. In ta ƙi, kowa ya sauka, a ƙara rage iska kaɗan, a kwashe yashin gaban tayoyi da na ƙarƙashin motar, a cusa farantan, a tashi a L4 sannu sannu. Igiyar ja ita ce dabara ta ƙarshe, kuma tana da haɗari don tana miƙewa kamar roba. A maƙala ta a ƙugiyar da aka yi don haka kaɗai. Kada a kuskura a rataya ta a dunƙulen ƙarfen jan tirela na baya. Yakan karye ya tashi kamar harsashi, ya kashe mutane a ƙasar. Masu kallo su ja nesa.

Lokacin ruwa

Babbar hanyar tsibirin ita ce bakin tekun gabas, 75 Mile Beach. Hanya ce ta hukuma: akwai alamun gudu, akwai 'yan sanda masu kama gudu da masu sa direba ya hura na'urar gwajin barasa, ɗaura bel dole ne ga kowa. Iyakar gudu 80 a bakin tekun, 40 a wuraren da mutane ke taruwa, 30 a hanyoyin cikin daji. Ƙananan jiragen sama ma a kan wannan yashin suke sauka, a wuraren da aka sa wa alama, kuma kai ne za ka ba su hanya.

Sai dai hanya ce da teku ke ba da aronta tana karɓewa. Sau biyu a yini ruwa yana cika ya hau har gindin tudun yashi, sau biyu yana janyewa ya bar fili mai faɗi, mai tauri, mai daɗin tuƙi. Ƙa'idar ita ce kada ka kasance a bakin teku awa biyu kafin cikar ruwa da awa biyu bayanta. Mafi kyau ka yi tafiyarka cikin awa biyun da ke gaba da bayan janyewarsa. Lokacin kuma ba ya zama wuri ɗaya, kullum yana ja baya da kusan minti hamsin. In yau ruwa ya janye ƙarfe tara na safe, gobe sai wajen goma saura. Wata ne ke jan ruwan, shi ya sa mai lissafin kwanan wata yake da riba a nan: a farkon wata da daren sha huɗu zuwa sha biyar cikar ta fi yawa, janyewar ma ta fi nisa.

Ma'anar wannan ita ce takardar ruwa ce ke tsara yininka: ita za ta ce maka ga lokacin karin kumallo, ga lokacin tashi, ga inda za ka yi azahar. "Bari mu ɗan ƙara minti goma" irin tamu ba ta aiki. Maman yara ta so mu ƙara zama a ƙoramar Eli Creek, yara na cikin ruwa suna murna, na nuna mata takardar na ce, "Hajiya, ba ni na ce ba, ga mai hanyar nan yana dawowa." Muka tattara. Lokacin da ruwa ya cika, ka shiga cikin daji ka ga tafkuna, ko ka zauna a masauki ka sha shayi. Da dare kuwa kada ka hau bakin teku sam.

Ko da ruwa ya janye, 80 ɗin nan iyaka ce, ba umarni ba. Ni ban wuce 60 ba. Ƙoramu da dama suna fitowa daga cikin tsibirin su ratsa yashin zuwa teku, suna yanka rami mai gaɓa a tsaye wanda ba ka ganinsa sai ka zo kansa, musamman da tsakar rana in hasken ya daki farin yashi. Su ne suka fi kifar da motoci. Ka rage gudu a kowace ƙorama, in ba ka ga zurfinta ba ka sauka ka taka da ƙafa, ka ratsa a hankali, kuma kada ka tsaya a tsakiya, don ruwan yana zare yashin ƙarƙashin taya. Kada ka bi ta cikin kumfar teku don a ɗauki hoto. In za ka yi fakin, ka hau sama inda ruwa ba ya kaiwa, ka karkata motar yadda mai zuwa zai gane a tsaye take. Ƙarar igiyar ruwa tana hana mutane jin inji, saboda haka yaro ko mai kamun kifi ba zai san kana tafe ba.

Hanyoyin cikin daji labarinsu daban. Faɗin mota ɗaya ne, ramuka da saiwoyi, kilomita 20 na iya cin fiye da awa. Akwai 'yan wuraren rakuɓewa a gefe. In kun yi kiciɓis, wanda ya fi kusa da ɗaya ya shiga, kuma manyan motocin 'yan yawon buɗe ido da masu jan tirela a ba su hanya. Ba a hon, ba a zagi. Ɗaga hannu kawai ake yi.

Abin da za a gani

Tafkunan ruwan daɗi sun haura 100. Wanda ya fi suna shi ne McKenzie, ko Boorangoora. Babu rafin da ke shiga cikinsa, babu mai fita. Ruwan sama ne zalla ya taru a kan wani shimfiɗaɗɗen ruɓaɓɓen ganye da yashi da ya daskare ya hana shi tsiyayewa. Yashinsa fari fat, ruwan kuma kana ganin yatsun ƙafarka. Ba a kai abinci bakinsa, akwai shingen da aka yi don cin abinci. Ka je da sassafe kafin manyan motoci su iso. Tafkin Wabby ya fi zurfi, sai an yi tafiyar ƙafa ta wajen minti arba'in daga bakin teku, kuma wani tudun yashi yana cinye shi a hankali. Kada a gangaro daga tudun a guje a faɗa ruwan. Mutane sun karya wuya a nan.

Central Station tsohon sansanin masu yankan katako ne, aikin da aka daina a 1991. Nan za ka ga abin da ya fi ba ni mamaki, dogayen itatuwa na kurmi tsaye a kan yashi tsantsa. Katakon wata bishiya ta wannan tsibiri mai suna satinay, da yake ba ya ruɓewa a ruwan gishiri, har mashigin Suwez an kai shi. A bakin tekun gabas kuma, Eli Creek tana zuba lita miliyan huɗu a teku cikin awa guda in ta cika, ruwa mai sanyi, yara na iya bin sa da tsohon tub. Gaba kaɗan ga gawar jirgin Maheno, wanda aka ƙera a 1905, ya yi aikin asibiti a yaƙin duniya na farko, guguwa ta tsinke igiyarsa a 1935 ana jan sa zuwa Japan, ya zo nan ya kwanta. An hana hawa kansa. Tekun gabas kuwa kallo kawai: akwai kifin shak, akwai igiyar ƙasa mai jan mutum ciki, babu masu ceto. Mai son ruwan gishiri ya je Champagne Pools, inda duwatsu suka tare shi.

Karnukan jeji, wuta da salla

Dingo, karen jejin Ostireliya, yana kama da karen gida ramamme, ja-ja, har ka ji kamar ka jefa masa ƙashi. Kada ka fara. Ba shi abinci laifi ne mai tarar dubban daloli, kuma naman daji ne: a 2001 sun kashe yaro ɗan shekara tara a Waddy Point. Yara su kasance inda hannunka zai kai gare su, ko da sun fara girma. In ya matso kada a gudu; a miƙe tsaye, a fuskance shi, a ja da baya a hankali, a kira mutane. Abinci da shara a kulle cikin mota. Mai iyali ya kwana a sansani mai shinge, irin Central Station, Dundubara ko Waddy Point, ko a masaukan Eurong da Kingfisher Bay. Fita bayan gida da dare a yi shi mutum biyu, da tocila da sanda.

Haka ma salla in a fili za a yi: wani ya tsaya yana duba yara da kewaye, in an idar shi ma ya yi tasa. Alƙibla a can yamma take, ta ɗan karkata arewa, saɓanin gabas da muka saba. Ka duba ta a waya tun kana inda akwai sabis, domin yawancin tsibirin babu. Agogonsu yana gaban namu da awa tara, in za ka kira gida ka lissafa. Lambar neman agaji 000 ce.

Ba a hura wuta sai a 'yan wuraren da hukuma ta gina murhu, saboda haka shayi a kan risho mai gas. A ƙarshen 2020 wutar da wasu suka hura ba bisa ƙa'ida ba ta cinye kusan rabin tsibirin. Mai kuma ana samu a Eurong, Happy Valley, Cathedrals, Orchid Beach da Kingfisher Bay, da tsada, kuma yashi yana shan mai fiye da kwalta sosai, don haka ka shigo da tanki cike, ka ƙara duk inda ka samu in ya sauka rabi. Jarkar ruwan sha ma haka.

Game da lokacin zuwa, sanda muke hunturu a Kaduna su suna tsakiyar zafi, ga hutun makarantu, ga cunkoso, yashin kuma ya bushe ya yi laushi. Daminarmu ita ce sanyinsu. Daga Yuli zuwa Oktoba manyan kifayen whale suna taruwa a Hervey Bay, sai dai a Agusta da Satumba masu kamun kifi kan cika bakin tekun gabas da motoci. Ni zan ce Mayu ko Yuni. Kuma ka kama jirgin dawowa da takardar ruwa a hannu: ka fara duba lokacin da teku za ta ba ka hanya zuwa mashiga, sannan ka zaɓi awar jirgin, ka kuma bar wa kanka lokacin wanke ƙarƙashin motar da ruwan daɗi kafin ka mayar wa masu ita.